Mai Magana na Bakwai

"Ni na ce ka ajiye makullin a kan firji?"

"To a ina zan ajiye shi, Hajiya, a kaina?"

"Ai kan naka ya fi firjin sanyi!"

Umma da Baba. Suna ta yi a cikin sifikar ɗakin taro, a gaban mutanen da ba su jin ko zo-in-kashe-ka a harshenmu. Kuma duk ni ce. Ni ce Umma, ni ce Baba... har tarin da ya yi a tsakiya, ni ce.

Shugabar sashenmu tana gyaɗa kai, ta dafe gilashinta da yatsa. Wai akwai rai a cikin muryar tsohon nan. Rai! Kada ki yi dariya. Kada ki kuskura. In kika fara, ba dariya za ta fito ba.

A bakinta aikin ba wuya. Kamfani na koya wa na'ura jin maganar mutane, ke ɗaliba ce da kika zo sanin makamar aiki, kin iya harshen da babu mai jinsa a nan — je ki naɗo mana muryoyin mutanenku, maza da mata, tsofaffi da yara. Mutanenmu? A garin nan? Direban tasi ɗaya na samu, ya ce sai ya shawarci matarsa. Matar ta ce ita ba za a ɗura muryarta a inji a je a yi mata asiri ba. Wa'adi na matsowa. Ba muryoyi, ba sa hannun Shugaba. Ba sa hannu, ba digiri, ba takardar zama... sai jirgi, sai idon Umma a ƙofar gida, ta tambaye ni ina abin da aka tura ni nema.

Sai na shige kabad ɗin kayana, tsakanin riguna, don a nan ne ƙarar titi ba ta shiga. Muryar Gwaggo na fara yi. Gwaggo ba ta da wuya, toshe hanci ne kawai da "ni dai ba ruwana". Sai Yaya in yana shirga ƙarya. Sai mai gadin makarantarmu. Na maza kuwa, 'yar manhaja na rubuta ta riƙa ƙara musu kauri. Abin takaici, ban taɓa rubuta abu mai kyawunta ba, kuma ba wanda zan nuna wa.

Bakin nan naki sai ya kai ki inda ƙafa ba za ta dawo da ke ba — Umma ke nan, tana riƙe da kunnena, ranar da na kwaikwayi surukar maƙwabta ashe tana bayan labule. Baba na kan tabarma yana dariya har da hawaye. Rabu da ita, Hajiya. Auta, zo ki yi ni in ji. Yi ni lokacin da nake neman tabarau alhali yana goshina...

Dogo bai ɗago ba. Tun da aka shigo idonsa na kan kwamfutarsa. Shi ne injiniyan da ke tace muryoyin. Ɗazu a wajen injin shayi ya juyo mini da allon: kowane mutum ya kamata ɗigogin muryarsa su ware gefe guda, nawa kuwa duk sun dunƙule wuri ɗaya kamar tururuwa a kan sukari. Ya ce, a hankali, kamar mai gaisuwar mutuwa: duk danginku wushirya gare su? Wani ɗan fito ne a bakin kowace "sa". Gwaggo na yinsa, mai gadi na yinsa. Haƙorina. Na canza maƙogwaro, na canza hanci, na manta da haƙori.

Baba yana barci. Ya fita masallaci. Ya bar wayar a caji. Haka Yaya ya yi ta yi mini har na gama jarrabawa, wai kada hankalina ya tashi. Ni da na fi kowa sanin muryar Yaya in yana ƙarya! Na sani. Na sani na yi shiru, don ina da jarrabawa gobe. Ko da suka faɗa mini Baba ya rasu, ƙasar kabarin ta bushe. Ban yi kuka ba. Na je aji, na ci abinci, na wanke kofi...

Sai a kabad. Na yi shi, na sa manhaja, na danna in ji ko ya fito — sai ga shi. Auta, kin ci abinci? Na ce na ci, Baba. Na amsa masa, wallahi, da hancina a cikin rigar sanyi. Daga nan ban ƙara yin Gwaggo ba. Shi kaɗai, sai Umma in yana son abokiyar faɗa. Na sa shi faɗa, na sa shi tambayar jikina, na sa shi ya ce ya yafe rashin zuwana. Wannan ban tura wa kamfani ba. Ko na tura? Ya Allah, wanne na tura?

Shugaba ta kashe sifikar. Tana kallona da wannan murmushin nata na mai shirin yin alheri. Mai magana na bakwai, tsohon nan, ya fi kowa, in ji ta. Suna so ya zo ɗakin naɗar murya mako mai zuwa, za a karrama shi. Yaushe zai samu dama?

Faɗi gaskiya. Yanzu, tun kafin Dogo — ga hannunsa ya kai kan wayar majigi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Buɗe baki ki ce ni ce. To da muryar wa? Ta Umma za ta yi faɗa. Ta Gwaggo ba ruwanta. Ta Yaya ba ta san gaskiya ba. Tawa fa? Ina na ajiye ta? Yaushe rabon da wani ya ji ta a garin nan, in ba "na gode" da "yi haƙuri" ba... Lalube nake, duk inda na taɓa wani ne a zaune.

Bango ya yi haske. Ɗigogin sun fito, tuli guda. Kowa ya juya yana kallo. Shugaba ta cire gilashinta.

"Sai dai a aika masa da mota," bakina ke faɗa. "Gwiwarsa ba ta son matakala."