Rabin Yafiyar Belkisa

Keken ɗinkin Belkisa na jikin nawa, don haka babu abin da ya wuce ni a wannan magana. Saman takalma muke ɗinkawa a kamfanin Hajrudin, a tura wa Italiyawa su manna ƙasan takalmin su ce nasu ne. Mata ne zalla a kan kekuna. Shi kaɗai ne namiji, yana can sama a ofishinsa mai gilashi yana leƙenmu kamar mai kiwon kaji.

Belkisa ba ta gama hutun haihuwa ba Hajrudin ya aika mata cewa keke ba ya jiran mutum. Ta dawo ɗanta Vedad ko zama bai fara ba. Ga shi yaron cikinsa ba ya karɓar madarar gwangwani, da an ba shi sai amai da ƙuraje. Nonon uwarsa kaɗai ke zama. Sai ta sayi ɗan injin tatsa tana zuwa da shi a jaka, abin da ta tatsa yau shi kakarsa za ta ba shi gobe.

A gabana ta roƙi Hajrudin ya ba ta ɗan lungu mai ƙofa da ɗan lokaci.

Ya ce, "Nan kamfani ne, ba garken shanu ba. Ga banɗaki can. Kuma lokacin cin abinci kawai."

Haka ta riƙa zama a kan murfin masai, a tsakiyar hunturu, ana ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wata rana ya buɗe firjinmu ya ga kwalabanta kusa da kwanon abincinsa, ya yatsine fuska, ya tuttular da su a wurin wanke hannu. Ni Zumreta na shayar da 'ya'ya uku, na san wahalar kowane ɗigo. Wallahi ranar sai da na ajiye almakashina nesa da hannuna.

Nono kuwa ba ya son a sa shi jira. Na hagu ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya kayar da ita, da ta tashi ruwan ya ja baya. Kwalbar da ke cika ta koma ɗan abin da ke rufe gindinta. Vedad ya rame, wuyansa ya fito. Belkisa ta daina hira, ta daina dariya, sai taka keke.

Ana nan sai sunan Hajrudin ya fito a cikin masu zuwa hajji. A garinmu ba a tafiya Makka sai an bi gida-gida an nemi yafiya, kuma ba mu taɓa jin wanda aka hana ba. Ko wanda ya cinye maka gona ne, "na yafe" kake cewa, sauran ka haɗiye. Da wannan Hajrudin ya dogara. Ya sauko da farar riga, da farantin alewa, da hawayensa a shirye, yana bin kekuna ɗaya bayan ɗaya. Mu duka muka ce mun yafe. Ni ma na faɗa, na ɗauki alewa biyu.

Ya iso kanta. "Belkisa, 'yata, in na taɓa saɓa miki, ki yafe mini."

Ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. "Ban yafe ba."

Ya yi 'yar dariya, ya waiga ko za mu taya shi. Babu wadda ta taya shi. Kekuna suka yi tsit.

"Haba 'yata, ɗakin Allah fa za ni."

"Allah ya kai ka lafiya." Ta zaro kwalbar daga jaka ta dangwarar a gabansa. "Ka ga wannan? Da cika take yi. Ranar da ta sake cika ka zo ka tambaye ni."

Kafin la'asar zancen ya zaga gari, ya kai kunnen tsohuwarsa. Ita kuwa ta aika masa cewa ba za ta raka shi bakin mota ba da hakkin jariri a wuyansa, in ya so ya je ya yi yawon buɗe ido ya dawo.

Washegari da safe Hajrudin ya miƙa wa Belkisa makullin ofishinsa. In ba ka ga ranar ba ba ka ga komai ba! Ta hau sama a tsanake, ta ja labule, ta zauna a kujerarsa mai juyawa kusa da abin ɗumama ɗaki. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa kamar maigadi, har da hana mutane hayaniya. Ya sayo sabon firji. Matarsa ta shiga aiko da romon kaza da kunun sha'ir da shayin ganyayen da tsofaffi ke cewa suna kawo ruwan nono. Mutumin da ya zubar da nono a rariya, yanzu duk garin babu wanda ya kai shi yi wa nonon addu'a.

In ta fito sai ya tare ta. "Yau fa?"

"Da saura."

Mu kuma daga ƙasa mu ɗaga murya: "Alhajin gobe, ya garken? An samu tatsa?" Sai ya yi kamar bai ji ba. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na waɗannan makonni ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ruwan ya fara dawowa sannu a hankali. Vedad ya yi kumatu. Amma kwalbar ba ta taɓa wuce rabi ba, kuma na san dalili, don ni nake taya ta gasa na hagun da tawul mai ɗumi. Ko ɗigo babu.

Ranar tafiya gari ya taru a harabar masallaci, motar alhazai na tsaye tana ruri. Liman ya yi addu'a, ya tambayi jama'a ko sun yafe wa matafiya, aka amsa baki ɗaya. Hajrudin bai saurari kowa ba, idonsa na kan Belkisa da ke tsaye a cikinmu rungume da ɗanta. Ya ratso mata har gabanta, tsohuwarsa na biye da shi da sanda.

"Belkisa, na yi abin da zan iya. Don girman Allah."

Ta dube shi sama da ƙasa, ba ta ko rage murya ba.

"Ka yi. Nono ɗaya ya dawo, na yafe maka nasa. Ɗayan ya ƙafe, likita ya ce sai dai wata haihuwar, in da rabo. Nasa ban yafe ba. In ka isa can, ka faɗa da bakinka yadda aka yi."

Liman ya matso. "'Yata, ai ba a raba yafiya biyu."

"Malam, ni ma ban san ana raba abincin jariri biyu ba sai da na yi aiki a wurinsa."

Hajrudin ya juya ga tsohuwarsa ko za ta sa baki. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Rabin ma ta yi maka adalci. Shiga mota."

Ya shiga, ya zauna ta taga, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Ana cikin kabbara Vedad ya fara kuka. Belkisa ta zauna a kan dakalin masallaci, ta juya wa motar baya, ta yafa mayafi, ta ba shi na daman.