Mai Zaƙi Sai a Ƙarshe

A ɗakin ɗanɗana giya na gonar inabinmu, a bakin tafkin Seneca, ƙa'ida ɗaya ce ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: da mai bauri ake farawa, mai zaƙi sai a ƙarshe. In zaƙi ya riga hawa harshe, duk abin da ya biyo baya lami ne. Na daɗe a bayan kantar nan, har na gaji da yi wa mutane wannan bayanin.

Orrin Tuttle bai taɓa buƙatar bayani ba. Tsohon malamin makaranta ne mai iyayin tsiya. Sai ya juya kofi, ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya ba ni labarin giyar da mu muka matse inabinta. Matarsa Marlene kuwa tun daga ƙofa take cewa, "Bev, zubo min ta ƙarshen nan." Wato giyar ƙanƙara, wadda ake barin inabinta a reshe har sanyi ya daskarar da shi. Shi kuma ya ce, "Ba ta ruwan alawarta, Bev. Ai 'yar firamare na aura." Duk kaka haka suke yi, kuma ban taɓa ganin ya kai kofinta baki ba.

Bara ba su zo ba. Bana da suka shigo, sai da na sake dubawa kafin na gane shi, don wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Marlene ta ja ni gefe. Ciwon daji ne ya kama masa maƙogwaro, aka gasa masa ciwon da na'ura a asibiti. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da ɗanɗanon bakinsa. Abinci ma sai da faɗa yake ci. Likita ya ce in harshen bai farfaɗo bana ba, to da wuya.

"Ki taimake ni," in ji ta. "Ko abu ɗaya ne ya ji a bakinsa."

Na jera kofuna yadda na saba. Ya kurɓi ta farko.

"Yaya, tsoho?" Marlene ta tambaya.

"Ruwan famfo."

Ta biyu kuma ya ce ruwan famfo mai launi. Da aka zo kan jar nan mai bauri da ya fi so, ya riƙe ta a baki ya daɗe, ya tofar a bokiti. Saura ta ƙarshe. Marlene ta tura masa kofin.

"Haba tsohuwa, lalacewar tawa har ta kai ga ruwan alawa?"

"Sha, malam, ka rufe mana baki."

Ya kurɓa. Ya dubi matarsa, ta ƙanƙame jakarta kamar za a ƙwace. Sai ya ɗaga gira.

"Kai! Ashe abin da kike sha ke kaɗai ke nan shekara da shekaru?"

"Ka ji? Orrin, kar ka yi min wasa. Ka ji?"

"Na ji mana. Zaƙi har kunne."

Ta kai masa duka a kafaɗa tana hawaye, ta fita da sauri za ta buga wa 'yarsu waya. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina kwashe kofuna ya matso kusa da kantar, ya rage murya.

"Bev, yaya take a baki?"

Sai a lokacin na gane bai ji komai ba.

"Yi sauri kafin ta dawo. Sai ta tambaye ni, na san halinta."

Tausayinsa ya kama ni, abin da ban taɓa zaton zai faru tsakanina da Orrin Tuttle ba. Na ce masa zuma ce da farko, sai gasasshiyar tuffa, sai ɗan tsamin lemo daga ƙarshe wanda ke hana ta gundurar mutum. Ya maimaita a hankali, ya sa tuffa gaban zuma, na gyara masa. Ya ce in sa musu kwali guda a mota.

Marlene ta dawo tana share ido, ta ƙara masa giyar da kanta.

"To sarkin iyayi, ba mu labari. Me ka ji?"

Ya juya kofin, ya shinshina, ya lumshe ido.

"Zuma ce da farko," ya ce.