Ruwan Sama a Watan Kirsimeti

Kowa ya sani, in sanyi ya shigo, damina ta tafi ke nan. Shi ya sa Baba Yona na Fadikpe ya yaye jinkar rumbunsa zai yi sabuwa, ya bar dawar shekara a buɗe.

'Yarsa Dorothy ta ce, "Baba, wayata ta ce gobe akwai ruwa fa."

"Na 'yan Legas ne, masu bakin teku. Wayarki ta sha burkutu."

Da safe yana jin ɗumin wuta, sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Baba Yona ya ruga rumbu, amma ruwa ya riga shi.

Kafin mako ya zagayo dawar ta yi tsiro. Ba ta tuwo ba ce kuma, sai dai masu burkutun su saya.