Hujin Bel

Ranar da likita ya ɗora wani mai sayar da littattafai a kan sikeli, ranar gishiri ya yi ƙaura daga gidansa.

"Zuciyarka injin ƙaramar mota ce, kai kuma ka yi mata lodin tirela," in ji likita. "A rage kaya."

Matarsa na zaune a kujerar gefe, siririya, tana gyaɗa kai kamar ita ta tsara wa likitan jawabin. Tsinke yake kiranta tun suna amarci.

Gidan babu sikeli, sai ta mai da bel ɗin wandonsa ma'auni. Kowace safiya sai ta duba hujin da ya ɗaura. Mai ya ragu a tukunya, suya ta zama tarihi, ga tattaki zuwa saman tudu kafin a buɗe shago.

Shi kuwa mutum ne mai karatu, ya san kowace doka da ƙofar bayanta. Ya sa mai gyaran takalmin da ke jikin shagonsa ya yanka masa sabon bel, launi ɗaya da tsohon, sai dai ya fi shi tsawo. A bayan kantar ƙamus-ƙamus kuma soyayyen nama ya ci gaba da samun mafaka.

"Ikon Allah, Maigida," ta ce tana shafa bel ɗin. "Wannan ya ce ka rame, amma kujerar falo ta ce labarin bai iso ta ba."

"Kujera tsohuwa ce, ta fara ruɗewa."

A hanyar tudu ne ya lura tana yawan tsayawa, ta dafa turken lantarki, wai tsakuwa ta shiga takalminta. Kullum tsakuwa, kullum turken nan.

"Haba Tsinke, ni mai lodi ban tsaya ba, sai ke da ba ki ɗauki komai ba?"

"Wuce dai, tirela. Zan kamo ka a gangara."

Ya karanta isasshen abin da zai sanar da shi cewa ciwon zuciya ba ya tambayar awon ƙugu kafin ya shigo. Ya ƙudurta zai yi maganar idan sun koma asibiti, har ya shirya kalmomin. Amma a asibiti akwai sikeli, sikeli kuwa bai san mai gyaran takalmi ba. Sai ya riƙa ɗaga ranar: bari a ɗan rame da gaske tukuna.

Wata safiya ta zauna a ƙofar kicin za ta ɗaura takalmi, ba ta ƙara tashi ba har abada.

Yanzu tsohon bel ɗin ma ya yi masa yawa. Likita ya duba sikeli, ya ce madalla, zuciyar ta samu sauƙi, ya tambaye shi sirrin. Ya dubi kujerar gefe, babu kowa a kanta. Kalmomin suna nan yadda ya shirya su, ko ɗaya bai ɓata ba:

"Likita, bar tawa tukuna. Saurari tata."