Ribas a Ƙofar Bincike

Sannunku mutanena, har da ku masu karantawa ku wuce sumumu kamar ba ku gani ba. Ku gyara zama, yau labarin wani tsohon direba na kawo muku.

Baba Direba na tsaye da safa, takalmansa a cikin tire, hannunsa cikin na matarsa. Filin jirgin ɗan ƙarami ne, ƙofar bincike ɗaya tal, ga wata fanka da ke juyawa kamar roƙonta aka yi. An karɓe musu gorar ruwa, an zazzage jakar magani a kan tebur, an sa shi ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Duk ya haɗiye. Wannan jirgin ne kaɗai zai kai su wurin likitan ƙwaƙwalwar da suka daɗe suna jiran layinsa, kuma har an fara kiran fasinja.

"Baba, ɗaya bayan ɗaya," in ji jami'in da ke riƙe da sandar nan mai ƙara. "Sakar mata hannu."

"Ɗana, ba ni na riƙe ba. Ita ta riƙe."

Gaskiyarsa. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, sunayen 'ya'yanta ma sun zube, amma in aka fito waje hannunsa ba ya barin nata. Wata jami'a ta matso da fara'a ta kama mata gwiwar hannu. Tsohuwa ta ƙanƙame shi.

"Direba, ina za su kai ni?"

"Babu inda za su kai ki, Tsohuwa."

Wani mai kwat a bayansu ya ja tsaki. "A matsar da su gefe mana, mutane na da abin yi."

Ran Baba ya ɓaci. Ya dubi jami'in. "Matar da murfin kwalba ke gagara, ita ce za ta sace muku jirgi?"

"Baba, wallahi na gane. Amma in kuka shiga tare, injin ƙofar ba zai nuna wa ya yi ƙara ba. Ga kyamara can tana kallona."

Baba ya tsaya yana kallon ƙofar. Ginshiƙi dama, ginshiƙi hagu, tsakiya a matse. Sak get ɗin gidansu. Duk shekarun da ya yi yana jan motar kaya, da ribas yake shigar da ita, kuma babu wanda ya yarda ya duba masa baya sai matarsa. Ko tana tsakiyar wanki, ta ji hon za ta fito da kumfa a hannu.

Ya sunkuya kusa da kunnenta. "Tsohuwa, na dawo. Shiga ki duba min baya, kar in goge get."

Ta dube shi. Yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara mayafi, ta taka ta ratsa ƙofar ita kaɗai, injin bai ce uffan ba. Ta juyo ta ɗaga hannu.

"To, taho."

Baba ya juya mata baya, ya fara takawa da baya da baya, safa na zamewa a kan tayil.

"Taho. Taho. Karya dama kaɗan. Ba hagu ba, dama na ce. Kai har yanzu ba ka iya ba."

Mai kwat ya yi ƙasa da wayarsa. Baba na shiga tsakiya, injin ya saki ƙara. Kun san me? Bel ɗin wandonsa. Wajen lallashi ya manta bai cire ba.

Tsohuwa ta riƙe ƙugu. "Ka goge shi ke nan. Kullum sai na faɗa maka."

Doka ta ce ya koma ya sake. Baba ya san in ya fita ta waiga ba ta ga hannunsa ba, komai zai rushe. Ya buɗe baki zai yi roƙo, jami'in ya riga shi.

"Mama, wannan direban naki sabon shiga ne? A fitar da motar a sake."

"Bar shi, ɗan nan," ta ce. "Da ba don ni ba, da tuni ya rushe gidan."

Baba ya fita, ya zare bel ya ajiye a tire, ya riƙe wando da hannu ɗaya, ya sake juya baya. Tana cewa taho, yana tahowa, har ya wuce shiru.

"Tsaya," ta ce, ta ɗan bubbuga bayansa kamar yadda take bubbuga bodin mota. "Kashe. Sannu da hanya."

Ya miƙa mata hannu, ta kama, jami'in kuma ya durƙusa yana jera masa takalma.

To ku faɗa min, da ku ne da sandar nan a hannu, kyamara na kallonku, ya za ku yi? Kai mai kwat, na san kana karantawa, kai ma ina jiran taka.