Wuyan Dogo

A masaƙar nan, duk wanda ma'aikata suka zaɓa shugaban ƙungiya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ran nan. A wuya ake ɗaukarsa, a zagaya harabar kamfani da shi, a dire shi kan dandamali ya yi jawabi. Wuyan kuwa kullum na Dogo ne, mai lodin dilolin yadi, wanda ko ƙofar sito sai ya sunkuya yake shiga.

Ana faɗin sakamako wuri ya kaure da sowa. Makanike ne ya ci, wani siririn mutum mai zaƙin baki. Masu rini suka hau dukan durom, mata masu ninki suna tafi suna tsalle. Kafin ka ce kwabo Dogo ya sure shi ya aza a wuya.

Sai dai Dogo ransa a ɓace yake. An sallami ƙanwarsa daga sashen ninki don kawai cikinta ya fito, ga mijinta a kwance ba lafiya. Lokacin neman ƙuri'a makanike har dafa shi ya yi, ya ce, "Bar mini wannan, Dogo." Amma da Dogo ya tuna masa da safen nan, sai ya ce wai a bi a hankali, ba a fara mulki da rigima da manaja. Ji wata magana! Haihuwa za ta tsaya jiransa ne?

Suka iso inda hanya ta rabu, dama dandamali, hagu ofishin manaja. Dogo ya yi hagu.

"Dogo, ba nan ba ne," in ji makanike ƙasa-ƙasa, yana ɗaga wa jama'a hannu yana murmushi.

"Na sani, shugaba."

"To juya mana."

"Riƙe kaina da kyau, kar ka faɗi."

Wani mai rini ya hango inda aka dosa, ya ɗaga murya ya ce shugaba da manaja zai fara. Nan da nan magana ta bazu. Masu gadi suka bar ƙofa, direbobi suka diro daga motoci, har masu shara suka biyo da tsintsiyoyinsu a sama. Kowa cewa yake bai taɓa ganin shugaba mai zuciya irin wannan ba. Shi kuwa makanike diddige yake ta buga wa Dogo a ƙirji don ya tsaya, jama'a suna zaton rawa yake takawa, suka ƙara wa durom wuta.

A bakin ƙofar manaja Dogo ya dire shi. Wuri ya yi tsit. Sai a lokacin tsoro ya kama Dogo, don ya san in abin nan ya ɓaci, shi ma gobe ba shi da aiki.

Makanike ya waiga. Mutane maƙil har bakin sito, ba ta inda zai bi, kuma duk idanu a kansa. Ya harari Dogo, ya share gumi, ya gyara kwalar rigarsa, sannan ya ƙwanƙwasa.

Manaja ya buɗe, kofin shayi a hannunsa.

"Ranka ya daɗe," in ji makanike, da muryar da na can baya ma suka ji, "maganar matar da aka sallama don tana da ciki ce ta kawo mu. Ba za mu bar nan ba sai an mayar da ita."

Dogo ya nemi matakala ya zauna yana murza wuyansa.