Sunan Gwaggo a Manazarta

Shekara goma sha ɗaya Kawu ya yi yana rubuta littafinsa na tarihi. Da ya gama, sai maɗaba'a ta ce a jera manazarta bisa tsarin masu nazarin tarihi da adabi: sunan mahaifi a gaba, sunan littafi a karkace, shekara a ƙarshe. Ni ce na iya manhajar tsara littafi a gidanmu, don haka aikin ya faɗo kaina.

Ya kawo min katunan manazarta ɗari biyu da 'yan kai a kwalin takalmi. Na yi ta shigarwa, manhaja na jera su tsaf. Kati ɗaya ne ya gagara. An rubuta: "Hira da Yaya, a ɗakinta, lokuta da dama." Yayarsa ke nan, Gwaggo, wadda rabin labaran littafin daga bakinta suka fito. Babu shekara, babu maɗaba'a. Duk sanda na danna sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Ga shi ranar za a miƙa aikin. Na sa alamar da ke ɓoye layi, na ce zan dawo kansa bayan na ci abinci. Ban dawo ba.

Da littafin ya fito, Kawu ya ce in raka shi mu kai wa Gwaggo nata. Ba ta iya karatu ba, amma sai da ta sa tabarau, ta dubi Kawu.

"To, ɗan nan, nuna min inda nake."

Kawu ya buɗe shafukan ƙarshe, yana bin layi da yatsa. Ya kai ƙasa, ya sake komawa sama. Ni kuwa sai a lokacin na tuna da layin da na ɓoye. Can sai ya ɗora yatsa a kan sunan wani marubuci da ya rasu tuntuni.

"Ga ki nan, Yaya."

"Duk wannan tsawon ni ce?" Ta yi dariya har da tafi. "Ashe ina da nauyi!"

Ta naɗe kusurwar shafin, ta sa min albarka, wai hannuna ne ya shigar da ita.

A mota Kawu ya daɗe bai tayar da injin ba.

"Kwamfutar ce ta cinye sunan, ko?" in ji shi.

Ƙofar kuɓuta ce ya buɗe min, na gane. Na ce, "A'a, Kawu. Ni ce na ɓoye shi, na manta."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma na yi mata ƙarya, ai. Mu biyu ke nan."

Da na koma gida na buɗe aikin. Ashe akwai gurbin hira a manhajar, ban duba ba ne. Gyaran bai ci minti uku ba. Na tura wa maɗaba'a, suka ce sai in an yi bugu na biyu.

Har yau in baƙi sun je, Gwaggo takan ɗauko littafin ta nuna musu layin. Waɗanda suka iya karatu sukan duba, su dube ni, su ce, "Madalla."